Jan Biro a Gadarif

Da la'asar yake zuwa, lokacin da aka ɗauke wuta,
Muzammil ɗan Gajere mai agashe,
ƙamshin yaji a hannun rigarsa,
littafi a naɗe kamar tabarmar baƙo.
Ni a kan gadon igiya, shi a kan bokitin fenti,
tsakaninmu teburin da kofin shayi ya yi wa zobba.

Ranar farko shafi uku ya miƙo mini.
Kalmomi manya-manya, kowace da rawaninta,
Larabcin da ya tsinto a bakin masu huɗuba.
Na karanta har ƙasa, na sake hawa sama,
na ce: yaro, ka tara baƙi a zaure,
to ina mai gidan?
Ya dubi silifas ɗinsa.
Ya ce: Ustaz, da irin wannan ake cin maki.

Shekara ashirin da ɗaya ina rubuta buhuna
a kasuwar riɗi, kafin idona ya fara gardama.
Can na koyi cewa lamba ba ta son kwalliya:
in ka ce ɗari, a ƙirga a tarar da ɗari.
Jimla ma haka take.
Wanda ya ce "kowa ya sani"
bai auna komai ba.

Aikin da makaranta ta ba shi:
me ya sa farashi ke faɗuwa da kaka?
Na ce rufe littafin.
Faɗa mini da Hausa, kamar kakarka ce ke tambaya
tana tsince wake, rabin kunnenta a wajenka.
Ya yi shiru har kuda ya gama zagaya kofi.
Sannan ya ce: kowa na da bashi,
kowa na sayarwa rana ɗaya.
Na ce: ga mai gidan nan.
Yanzu nemo masa shaidu.

Ya tafi kwana huɗu.
Ya dawo da baƙar laka har idon sawu,
da farashin wata uku daga bakin dillali,
da maganar gwaggonsa Baraka mai yankan riɗi,
wadda ta ci kuɗin buhunta tun yana fure.

Daga nan sai gini.
Sakin layi ɗaki ne, ƙofa ɗaya gare shi.
Kada ka kwantar da akuya da baƙo wuri guda.
"Saboda haka" gada ce, ba a kafa ta inda babu rafi.
Ƙarshe kuwa ɗinkin bakin buhu ne,
ba a ƙara hatsi ana ɗinki.
Na ja jan biro, ya goge, na ja, ya tsuke baki,
wata rana har ya bar shayinsa ya huce don fushi.
Sau shida muka rushe shafin.
A na bakwai na nemi inda zan sa ja, na rasa,
sai wani waƙafi da na taɓa don kada hannuna ya ji kunya.

Makon jiya ina zuba, na ce
yaran yanzu ba sa karatu kamar namu.
Ya ɗago kai a hankali:
Ustaz, yara nawa ka ƙirga?

Na kurɓi shayi. Ba ni da lamba.

Uban ba ya biya da kuɗi sai ƙarshen wata,
amma duk Alhamis yana aiko da tsire.
Na daren nan, da na kwance ƙunshin,
sai ga shafi ukun nan na ranar farko,
mai ya ratsa su har sun zama kamar gilashi,
manyan kalmomin suna ninƙaya a cikin yaji.
Na cinye naman.
Takardar na shanya ta a kan taga.